Maganin Olsa na Ruwa ko Kafso: Wanne Ya Dace da Irin Ciwonka?

A kemis na unguwa ba a rasa mai shigowa dafe da saman cibiya yana cewa a ba shi maganin olsa, na ruwa. Mai shago ya sauko da kwalba mai farin ruwa ko ruwan hoda, mai kauri, mai ƙamshin na'a-na'a. Mai ciwo ya kurɓa, kafin minti goma zafin ya lafa, ya tafi yana sa albarka. Bayan kwana biyar kwalba ta ƙare, ya dawo. Akwai waɗanda sun shekara uku a haka.

Kwalaben nan da ke jere a kanta kamanninsu ɗaya, aikinsu kuwa ya sha bamban. Iri uku ne: masu kashe tsamin ciki nan take, masu yi wa tsamin murfi don kada ya hau maƙoshi, da masu shafe bakin gyambo. A gefensu ga kafso da ƙwayoyi masu rage tsamin tun daga inda yake fitowa. Za a rubuta sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali, don mai saye ya gane su.

Abubuwan da za a auna kafin a zaɓa

Na farko, kuma mafi nauyi, shi ne sanin ciwon kansa. Kalmar olsa a bakin mutane ta haɗe abubuwa da dama. Akwai ƙwannafi, inda ruwan tsami ke tasowa daga ciki ya ƙona bayan ƙashin ƙirji, wani lokaci har ka ji tsami a baki, galibi bayan an ci abinci mai maiƙo ko an kwanta da ƙoshi. Akwai ɗacin ciki da kumburi na ɗan lokaci, irin na ranar biki. Sannan akwai gyambo na gaskiya, wato miki a bangon ciki ko a farkon ƙaramin hanji. Na hanji yakan ci mutum idan yunwa ta kama shi, yakan tashe shi tsakar dare, ya lafa in an sa wani abu a baki. Na cikin kansa sau da yawa abinci ne ke tayar da shi. Alamomi kaɗai dai ba sa tabbatar da gyambo, sai an zura na'urar leƙa ciki an gani.

Abu biyu ne ke haƙa mafi yawan gyambo. Ɗaya ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori (a taƙaice H. pylori), wadda likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ɗayan kuma magungunan ciwon jiki ne: diclofenac, ibuprofen, piroxicam, aspirin, da garin maganin ciwon kai irin Alabukun mai ɗauke da aspirin. Yunwa da yaji da damuwa suna tsokano ciwon, amma ba su ne suka haƙa ramin ba.

Sauran ma'aunan su ne saurin fara aiki da tsawon lokacin da sauƙin ke ɗauka, ko maganin yana warkar da miki ko lallashi kawai yake yi, kuɗin da za a kashe har a gama magani, ba kuɗin kwalba ɗaya ba, sauƙin sha, da haɗarinsa ga mai wata cuta ko mai shan wasu magunguna.

Masu kashe tsami: Mist Mag, Gestid, Maalox da danginsu

Waɗannan su aka fi sani. Aikinsu kamar zuba ruwa a garwashi ne: suna haɗuwa da tsamin da ya riga ya taru su karya ƙarfinsa. Cikin mintuna kaɗan ake jin sauƙi, kuma na ruwa ya fi na taunawa saurin aiki domin a narke yake. A wajen sauri babu kamar su.

Rauninsu shi ne rashin daɗewa. Idan aka sha cikin babu komai, maganin yakan wuce hanji cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, ciki kuma ya ci gaba da zubo sabon tsami. Idan aka sha kimanin awa ɗaya bayan cin abinci, abincin yana riƙe shi, aikinsa ya kai awa biyu zuwa uku. Nan ne mutane da yawa ke asara, suna kurɓa da sassafe kafin karin kumallo, ƙarfe tara zafi ya dawo, su ce maganin jabu ne. Adadin babba shi ne mililita 10 zuwa 20, bayan abinci da lokacin kwanciya, sau uku zuwa huɗu a yini. A girgiza kwalbar sosai, domin maganin yana kwantawa a ƙasa: wanda bai girgiza ba, ruwa ya sha a farkon kwalba, laka a ƙarshenta. A yi awo da ɗan kofin da ke kan murfi. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba, kafa baki a kwalba kuwa ba awo ba ne.

Abin da ke ciki yana da muhimmanci. Magnisiyam yana sakin ciki, alminiyam yana ɗaure shi, shi ya sa Maalox da Gestid suka haɗa biyun don su daidaita juna. Wasu ana ƙara musu simethicone mai fasa kumfar iska, abin da ke taimakon mai kumburi da yawan gyatsa. Shi kuwa Mist Mag, wato haɗin magnesium trisilicate da ake bayarwa a asibitoci da yawa saboda arha, babu alminiyam a cikinsa, don haka ya fi sa gudawa, kuma yana ɗauke da sodium bicarbonate. Wannan gishiri ne a wajen jiki. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya da mai kumburin ƙafa bai kamata su mai da shi abin kullum ba. Mai ciwon ƙoda kuwa ya nisanci dangin nan gaba ɗaya sai da izinin likita, saboda ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da magnisiyam da alminiyam, sai su taru a jini.

Akwai wani haɗarin da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Waɗannan magunguna suna kama wasu magunguna a cikin hanji su hana su shiga jini. Ciprofloxacin da ake sha don taifot, doxycycline da tetracycline, ƙwayar ƙarin jini ta masu juna biyu, levothyroxine na masu matsalar maƙoƙo, duk abin ya shafe su. A bar aƙalla awa biyu tsakani. Mai shan dolutegravir na cutar ƙanjamau ya sha shi awa biyu kafin maganin ruwan, ko awa shida bayansa, in ba haka ba ƙarfin maganinsa zai ragu bai sani ba.

Shin suna warkar da gyambo? A wani gwaji da aka buga a Amurka a 1977 sun warkar da na hanji, amma sai da aka riƙa ba masu ciwon mililita 30 sau bakwai a yini har mako huɗu. Mililita 210 ke nan kullum, ya fi kwalba guda ta mililita 200. Ba mai jure wannan, ga gudawa ga kuɗi. A yadda ake shan su a gida, lallashi suke yi.

Batun kuɗi ma a lissafa shi da kyau. Kwalba ɗaya tana da arha, amma mai shan mililita 10 sau huɗu zai gama ta mililita 200 a kwana biyar, wato kwalba shida a wata. Sau da yawa kuɗin shidan ya zarce na kafso 28 na omeprazole, mai rage tsami daga tushe, wanda ba na kamfani mai tsada ba.

Wasu kwalaben ana sa musu oxethazaine, mai kashe jin zafi a bangon ciki. Daɗinsa a bayyane yake, amma yana iya rufe wa mutum ido alhali mikin na ci.

Mai yin murfi: Gaviscon da makamantansa

Wannan dabararsa daban. Yana ɗauke da sodium alginate da ake samu daga ciyawar teku. Idan ya haɗu da tsami sai ya zama kumfa mai kauri da ke yawo a saman abin da ke ciki, kamar yadda ake ɗora faifai a kan ruwan tulu don kada ya fantsama. In ciki ya turo wani abu sama, kumfar ce ke fara hawa, ba tsamin ba. Murfin yana iya kaiwa awa huɗu.

Saboda haka lokacin shansa bayan abinci ne da kafin kwanciya, mililita 10 zuwa 20, kuma kada a bi shi da wani abincin ko ruwa mai yawa, murfin zai tarwatse. Ga mai ƙwannafi ya fi masu kashe tsami na zalla. Ga mai juna biyu da ƙwannafi ya hana barci a watannin ƙarshe, yana cikin abin da ake fara bayarwa. Ga mai gyambo a hanji kuwa amfaninsa kaɗan ne, domin mikin yana ƙasa, murfin yana sama. Yana da gishiri shi ma, kuma yawanci shi ne mafi tsada a cikin na ruwa, tunda daga waje ake shigo da shi. Wanda ya saye shi don olsar hanji ya biya kuɗi mai yawa a kan aikin da ba nasa ba.

Mai shafe miki: sucralfate

A cikin na ruwa, wannan kaɗai ne za a kira maganin gyambo da gaske. Ba ya kashe tsami sosai. Idan ya shiga ciki mai tsami yakan zama kamar ƙaro, ya manne a kan mikin ya kare shi na kimanin awa shida, naman ya samu damar haɗewa.

Sharuɗɗansa ne masu wuya. Giram ɗaya ake sha sau huɗu a yini, awa ɗaya kafin kowane abinci da kuma lokacin kwanciya, ko giram biyu safe da dare, na mako huɗu zuwa takwas. Dole cikin ya zama babu komai, in ba haka ba abincin zai manne wa maimakon mikin. A duba kwalba da kyau: wata giram ɗaya a mililita 5 ce, wata a mililita 10, kuma wanda bai karanta ba zai iya shan rabin abin da ya kamata. Kada a haɗa shi da masu kashe tsami a lokaci guda, a bar rabin awa tsakani, tunda shi tsamin yake buƙata kafin ya manne. Ba ya kwantar da zafi nan take, abin da ke sa wasu su yar da shi a kwana na biyu. Yakan ɗaure ciki, yana da alminiyam don haka bai dace da mai ciwon ƙoda ba, kuma yana kama ciprofloxacin, phenytoin, digoxin da levothyroxine, sai an raba su da awa biyu. Mai shan na giram ɗaya a mililita 10 zai buƙaci mililita 1,120 a mako huɗu, kusan kwalba shida. Mai fita kasuwa ko gona tun asuba zai sha wahalar kiyaye lokutan nan huɗu. Sannan ba ya taɓa ƙwayar cutar, don haka mikin da ya rufe yana iya buɗewa.

Kafso da ƙwayoyi masu rage tsami daga tushe

Omeprazole da 'yan uwansa, esomeprazole, pantoprazole, rabeprazole da lansoprazole, suna toshe ƙananan famfunan da ke zubo tsami a bangon ciki. Miligiram 20 na omeprazole sau ɗaya a yini ya isa mafi yawan mutane, mako huɗu ga gyambon hanji, mako takwas ga na ciki. A sha shi rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, domin famfunan da abinci ya tayar su yake kamawa. Kada a tauna ko a niƙa ƙwayoyin da ke cikin kafson, rigar da aka yi musu ita ke kare su daga tsami.

Aibinsa jinkiri. Yakan ɗauki kwana uku zuwa biyar kafin ya kai cikakken ƙarfi, don haka mai haɗiyar kafso ɗaya duk ranar da ciwo ya tashi bai amfana da shi yadda ya kamata ba. A kwanakin farkon nan ne maganin ruwa ke da gurbinsa na gaskiya, ya riƙe mutum kafin kafso ya kama aiki. Shan sa na shekaru ba tare da bibiyar likita ba yana iya rage bitamin B12 da magnisiyam ya kuma raunana ƙashi. Mai shan clopidogrel, maganin hana daskarewar jini, ya faɗa wa likita, domin omeprazole na rage ƙarfin clopidogrel ɗin, akan sauya masa omeprazole da pantoprazole. Wanda ya daɗe a kan omeprazole ya daina a hankali, tsayawa farat ɗaya na sa tsami ya dawo da ƙarfi na ɗan lokaci.

Famotidine, wani maganin rage tsami, yana tsakanin na ruwa da omeprazole: ya fara aiki cikin awa ɗaya, ya kai awa 10 zuwa 12, ya fi dacewa da zafin dare, sai dai jiki na saba masa. Ɗan uwansa ranitidine an janye shi daga kasuwar Amurka da wasu ƙasashe a 2020 saboda gurɓacewa da sinadarin NDMA, wanda ake fargabar yana jawo kansa. In aka miƙo shi, a nemi wani.

Haɗin kashe ƙwayar cuta

Idan gwajin bayan gida ko na numfashi ya nuna H. pylori, babu kwalbar da za ta raba mutum da ita. Haɗin da aka fi sani shi ne omeprazole miligiram 20, amoxicillin giram ɗaya da clarithromycin miligiram 500, kowanne safe da yamma har kwana 14. Likita ne zai zaɓi haɗin, domin wani jikinsa ba ya karɓar dangin penicillin, a wasu wuraren kuma ƙwayar ta daina jin clarithromycin ko metronidazole. Yana sa ɗacin baki da sakin ciki, kuma shi ne mafi tsada a tashi ɗaya. Amma shi ne ke cire tushen, ya hana gyambon da ƙwayar ta haƙa yawan dawowa. A kula da abu biyu: kafin gwaji a dakatar da omeprazole mako biyu da magungunan kashe ƙwayoyin cuta mako huɗu, in ba haka ba gwajin zai ce babu alhali akwai, bayan an gama kuma a sake gwaji, aƙalla mako huɗu daga ranar ƙarshe. Dalilin damuwa da ita ya wuce zafin ciki, tun 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo kansar ciki.

| Magani | Fara aiki | Daɗewa | Warkar da gyambo | Kuɗi har a gama | Babban abin lura |
|---|---|---|---|---|---|
| Masu kashe tsami | Mintuna | Rabin awa zuwa awa 3 | A'a, a adadin gida | Arha, amma yana taruwa | Ƙoda, gishiri, kama wasu magunguna |
| Gaviscon da irinsa | Mintuna | Har awa 4 | A'a | Tsada | Gishiri |
| Sucralfate | A hankali | Kimanin awa 6 | E | Matsakaici zuwa tsada | Sau huɗu, ciki babu komai, ƙoda |
| Famotidine | Awa 1 | Awa 10 zuwa 12 | E | Matsakaici | Jiki na sabawa |
| Omeprazole da irinsa | Kwana 3 zuwa 5 | Yini guda | E, ya fi sauran | Arha zuwa matsakaici | Sha kafin abinci, kada a zarce |
| Haɗin kwana 14 | Kwanaki | Yana cire tushe | E, ya hana dawowa | Tsada sau ɗaya | Gwaji, kammalawa |

Madara da kanwa fa? Madara tana sanyaya ciki na ɗan lokaci, daga baya furotin da kalsiyam ɗinta su sa ciki ya ƙara zubo tsami. Jiƙon kanwa yana kashe tsami da gaske, amma babu awo a cikinsa, ga gishiri mai yawa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. A ganina kwalbar kemis mai lambar NAFDAC, duk da gazawarta, ta fi ta aminci nesa ba kusa ba.

Wa zai ɗauki wanne

Mai ɗacin ciki jefi-jefi, bayan tuwon biki ko yaji ya yi yawa, ya ajiye kwalbar alminiyam da magnisiyam a gida, ta ishe shi. In ya ga yana nemanta kusan kullum har mako biyu, lokacin ganin likita ya yi.

Mai ƙwannafi, musamman na dare, da mai juna biyu, Gaviscon ko makamancinsa ya fi musu, tare da barin awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya da ɗaga gadon ta wajen kai. Mai juna biyu ta guji Mist Mag na dogon lokaci, ta kuma raba maganin ruwan da ƙwayar ƙarin jininta. In ƙwannafin ya wuce sau biyu a mako, omeprazole na mako huɗu zuwa takwas ya fi.

Mai zafin yunwa da ke tashinsa da dare, wanda ke tafiya ya dawo, ya yi gwajin H. pylori kafin ya fara kafso, ya riƙe kansa da na ruwa zuwa ranar gwajin. Manomi, lebura ko dattijuwa mai ciwon gwiwa da ke shan diclofenac kullum, maganinsu na farko shi ne barin sa a koma paracetamol in zai yiwu, sannan omeprazole. Wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin aspirin saboda zuciya kada ya daina da kansa. Sucralfate na wanda likita ya zaɓa masa ne, kuma zai iya kiyaye lokutansa. Mai azumi ya sha kafsonsa rabin awa kafin sahur, na ruwa kuma bayan buɗa-baki da lokacin kwanciya, mai sabon gyambo ko wanda ya taɓa zubar da jini kuwa ya ga likita tun kafin watan ya kama.

Akwai kuma wanda babu nasa a kantar kemis. Mai bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta mai wari, alhali ba ya shan ƙwayar ƙarin jini, mai aman jini ko amai kamar garin kofi, mai rama ba dalili, mai jin abinci na maƙale masa, mai aman da ya ƙi tsayawa, da wanda ya haura shekara 55 ciwon ya fara masa sabo, asibiti za su nufa a leƙa cikin. Zafin ƙirji mai tafiya hannu ko muƙamuƙi tare da zufa da haki yana iya zama bugun zuciya, ba ƙwannafi ba. Idan kuma ciwo ya soki mutum farat ɗaya kamar wuƙa, cikinsa ya sandare kamar katako, ya kasa motsi, alamar gyambon ya huda ke nan. Kada a ba shi ruwa, ko kunu, ko maganin kwalba, a ɗauke shi a lokacin zuwa asibitin da ake yin tiyata.